Da aka ɗauke wuta ranar Lahadi, sujadarmu ta lalace ke nan?

Baban Rahila (Sabon Gari):
Salama gare ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na kuwa ga ya fi kyau in baje ta a gabanku da in yi ta juya ta ni kaɗai. Muna tsakiyar yabo, mawaƙa sun shiga baiti na biyu, sai aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, lasifika ta yi shiru, piyano da jita suka mutu a hannun yaranmu. Duk wanda ya yi watan Afrilu a Damagaram ya saba da ɗaukewar wuta, saboda haka wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne jama'a ma sun yi tsit tare da lasifikar, kamar da waya ɗaya aka haɗa bakinmu da ita. Muka tsaya cirko-cirko ana waiwayen ƙofa, ana jiran a tada inji, har sai da wata tsohuwa a bencin baya ta ɗauko wata waƙar da muka taso da ita, muryarta tana rawa, sannan muka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Da aka tashi, ina kwance babur ɗina a gindin bedi, sai na ji wani saurayi yana ce wa abokinsa, "Yau kam sujada ta lalace." Ban tanka masa ba, domin ni kaina ban san amsar da zan ba shi ba. Shi ya sa nake tambayarku, manya da yara: mece ce sujada ta gaskiya, har da za a ce rashin wutar lantarki ya lalata ta?

Malam Ishaya (Birni):
Baba, sannunku da wannan tambaya. Ina ganin wani ɓangare na matsalar yana cikin kalmar kanta. A bakin maƙwabtanmu Musulmi, sujada ita ce ɗora goshi a ƙasa, mu kuma mun ɗauki kalmar mun sa wa taron Lahadi gaba ɗaya, har muna cewa an fara sujada ƙarfe tara, an tashi ƙarfe goma sha biyu. A harshen Helenanci da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, akwai kalma ɗaya mai nufin sunkuyawa a gaban wanda ya fi ka, akwai wata kuma mai nufin hidimar da bawa yake yi wa ubangidansa. Hausa ma tana da su biyun, sujada da bauta, sai dai mun riƙe ta farkon mun mai da ita sunan wani lokaci a mako, ta biyun kuwa ba mu cika ambatonta ba.

Wurin da Ubangiji ya fi buɗe wannan magana shi ne Yohanna sura 4, kuma ina jin mu mutanen Damagaram ya kamata mu fi kowa gane labarin, tunda mun san abin da ake nufi da fita neman ruwa da tsakar rana, mun san layin bido a bakin famfo da jiran ɗan ga-ruwa. Matar nan ta Samariya ta zo rijiyar Yakubu ɗiban ruwa, da magana ta kai ga zaman aurenta sai ta karkata ta zuwa tsohuwar gardama: kakanninmu a kan wannan dutse suka yi sujada, ku kuwa kun ce sai Urushalima. Dutsen da take nufi shi ne Gerizim. Samariyawa sun taɓa gina haikalinsu a kansa, Yohanna Hirkanus shugaban Yahudawa ya rushe shi fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu, wato matar tana nuna kango ne da hannunta. Haikalin Urushalima shi ma Romawa sun rushe shi a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu. Yesu bai zaɓi ɗaya daga cikin wuraren biyu ba, ya ce mata lokaci na zuwa, har ma ya yi, da masu sujada na gaskiya za su yi wa Uba sujada cikin ruhu da gaskiya, domin irinsu Uban yake nema. In dutse da haikali ba su riƙe sujada ba, Baba, ban ga yadda wayar lantarki za ta riƙe ta ba.

Istifanus (ƙungiyar mawaƙa):
Baba, ku yi mini gafara, ni ne saurayin da kuka ji a gindin bedi. Na yi niyyar in yi shiru, amma na ga ɓoyewa ba ta dace da maganar da ake yi a kan gaskiya ba. Ina roƙo dai a fahimci inda maganar ta fito. Mun yi yamma uku muna koyon waƙoƙin nan bayan kowa ya tashi daga aikinsa, ni daga garejin gyaran babura nake zuwa da baƙin mai a hannu, kuma da kuɗin aljihunmu muka sayi igiyoyin jita. Abin da muka shirya mu miƙa wa Allah ke nan, sai ya tarwatse a gabanmu. Idan mace ta dafa tuwon baƙi tukunya ta kife, ai ba za a hana ta ɓacin rai ba.

Kuma ina tsoron kada a mai da wannan muhawara ta zama ta sukar kayan kiɗa, domin mun saba jin haka daga wasu iyayenmu. Zabura 150 ta lissafa ƙaho da molo da garaya da ganga da sarewa da kuge, ba ta ce a rage ko ɗaya ba. Dawuda ya yi rawa da iyakar ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, wadda ta raina shi ta taga, wato matarsa Mikal, ita ce Littafi bai yaba wa ba. Na yarda kalmar da na yi amfani da ita ta yi nauyi, amma ban yarda cewa ƙoƙarinmu ba ya cikin sujada ba.

Maman Tabita (Zango):
Ɗana Istifanus, ba wanda zai raina gumin da kuka zuba, Allah ya saka muku. Amma lokacin da abin da zan faɗa ya faru kana ƙarami, bari in ba ka shi yadda na gani da idona.

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan an sauko daga masallaci, zanga-zangar da aka yi kan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone a garin nan. An ƙone majami'u, na Katolika da namu duka, da gidaje da shagunan Kirista, da cibiyar al'adun Faransa, an kuma rasa rayuka. Washegari abin ya koma Yamai. Ni da ƴaƴana uku maƙwabciyarmu ce, Musulma, ta ja mu cikin ɗakinta ta saka labule, ta zauna a ƙofa tana tsince shinkafa kamar ba komai, har duhu ya yi. Ba zan manta da wannan baiwar Allah ba har in mutu. Daga nan aka kai mu barikin soja, inda muka tarar da ɗaruruwan ƴan'uwa, wasu ko takalmi babu.

Lahadi ta same mu a can. Babu mumbari, babu benci, babu littafin waƙa, kuma sanyin hunturu yana ratsa zanen da aka ara mini. Wani dattijo ya miƙe ya karanta Zabura 46 da ka, wadda take cewa Allah ne mafakarmu da ƙarfinmu, domin Littafinsa ya ƙone tare da gidansa. Muka raira waƙa ƙasa-ƙasa, rabi waƙa rabi kuka. Sai aka ce a yi addu'a domin waɗanda suka ƙone mana kaya. Ɗana, a nan ne maƙogwarona ya toshe, domin na gane fuskar ɗaya daga cikin yaran da suka shiga gidanmu, yaron da na sha ba shi ƙosai kyauta in ya wuce zuwa makarantar allo. Na daɗe baki a rufe kafin in iya faɗin amin, kuma ban taɓa faɗin amin mai tsada irin wannan ba. Na shekara fiye da arba'in ina zuwa majami'a, amma in aka tambaye ni ranar da na tabbata na yi sujada, wannan ranar zan nuna.

Abu ɗaya zan ƙara domin ku matasa. Waɗanda suka iya waƙa da aya a ranar nan, tun da daɗewa suka zuba su a ka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ayuba (Magarya):
Mama, labarinku ya sa ni hawaye, ya kuma ƙarfafa abin da na daɗe ina faɗa. Tunda sujada ba ta gini ba ce, ni na kusa shekara ban taka majami'a ba, kuma ban ji na yi nesa da Allah ba. Ina karanta Littafi a ɗakina, ina sauraron wa'azi a waya, ina addu'a safe da yamma. Abin da ya kore ni shi ne a wata majami'ar da na zauna, a Lahadi ɗaya sai a zagaya da kwanon baiko sau huɗu, na gini daban, na godiya daban, na baƙon mai wa'azi daban, kuma a kira sunan wanda ya ba da jikka 50 a tafa masa, wanda ya jefa dala ashirin kuwa ya fita da kai a sunkuye. In Uba masu sujada cikin ruhu yake nema, me zai hana ya same ni a kan tabarmata?

Fasto (mai ritaya):
Ɗana Ayuba, kukanka yana da tushe, ba zan share shi da hannu ɗaya ba. Ubangiji ya zauna daura da wurin ajiyar baiko a haikali, ya ga masu arziki suna zuba da yawa, amma gwauruwar da ta jefa anini biyu ita ya kira almajiransa su duba. Majami'ar da take tafa wa mai jikka 50 ta kunyata mai dala ashirin ta karanta Markus 12 a juye, kuma mu shugabanni ne za mu amsa wannan a gaban Allah. Annabi Amos ma ya isar da saƙon da ya fi naka zafi, cewa Allah ya ƙi idodinsu, a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, abin da yake so shi ne adalci ya malala kamar ruwa.

Sai dai ka sake karanta labarin Maman Tabita da kyau. Gini ne ya ƙone, taro bai ƙone ba. Dattijon da ya karanta Zabura da ka, ai kunnuwan wasu ya karanta wa, kuma da Mama ita kaɗai ce a ɗaki, wa zai ce mata a yi wa yaron nan addu'a? Mutum ba ya zaɓa wa kansa addu'ar da ta fi masa ɗaci, sai ɗan'uwa ya ɗora masa ita. Wa'azin waya kana iya kashe shi duk lokacin da ya taɓa inda yake maka ciwo. Masu bi na farko, in ji Ayyukan Manzanni 2:42, sun lizimci koyarwar manzanni da zumunta da gutsuttsura gurasa da addu'a, ka gaya mini yadda za ka ci jibin Ubangiji kai kaɗai a kan tabarma. Ibraniyawa 10:25 kuma ta gargaɗe mu kada mu bar taruwa kamar yadda wasu suka saba, wato tun a zamanin manzanni akwai masu irin tunaninka.

Ka tuna mu kaɗan ne a ƙasar nan. A garin nan na Damagaram ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka fara aiki a Nijar a 1924, lokacin nan ne ma babban birnin ƙasa, kafin a mai da shi Yamai a 1926, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai a 1932. Iyayenmu na farko cikin bangaskiya sun taru suna ƴan ƙalilan, wasu danginsu sun juya musu baya, ba abin da suke da shi sai juna. In kowa ya koma tabarmarsa, marayu da gwauraye da Yakubu 1:27 ta ce kula da su shi ne addini mai tsarki, wa zai ma san ƙofar gidansu? Zumunta a ƙafa take, ɗana. Ka dawo, in ka ga ana tafa wa mai kuɗi ka same dattawa ka faɗa musu a fuska.

Maman Yusufu (Kasuwar Dole):
Ina gaishe ku, iyaye da ƴan'uwa. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, hatsi nake sayarwa, amma zan faɗi inda wannan magana ta kama ni. Shekaru da dama ina da tiya biyu a rumfata, ɗaya ta saye ɗaya ta sayarwa. Ta sayarwar an ɗan bubbuga gindinta ya shiga ciki, ba wanda zai lura sai ɗan kasuwa irina. Ba ni na fara ba, haka na tarar ana yi, kuma ranar Lahadi ina sahun gaba a zumuntar mata da anko da kacau-kacau a hannu, zakkata kuma ba ta taɓa makara ba.

Wata rana a nazarin Littafi aka karanta Amos sura 8, inda masu kasuwa suke ƙosawa Asabar ta wuce domin su buɗe rumbu, su rage mudu su ƙara kuɗi. Na ji kamar an kira sunana a lasifika. Mutanen nan suna kiyaye ranar hutu sarai, jikinsu yana wurin ibada, amma lissafin zuciyarsu yana kan mudun da za su rage gobe. Na koma gida ban iya cin tuwo ba. Washegari na ba yaro tiyar nan ya kai wa kaji ruwa da ita, har yanzu tana can a tsakar gida. Ribata ta ragu, ba zan ɓoye muku ba, kuma a lokacin tsadar gero raina yakan raya mini in ɗauko ta in wanke. Da Bulus ya ce a Romawa 12:1 mu miƙa jikunanmu hadaya rayayya, ya ce ita ce ibadarmu, ni dai hannun da nake awo da shi na gane yana nufi.

Malam Ishaya (Birni):
Yaya, Allah ya ƙara miki ƙarfi, kin faɗi abin da ni mai alli ban iya faɗa ba. Ina so dai in ja hankalinmu kada mu zame zuwa ɗaya gefen, mu ce sujada ita ce kyakkyawan hali kawai. A Kasuwar Dole akwai Alhazan da tiyarsu ɗaya ce tun kafin a haife mu, wasunsu sun fi mu riƙon amana nesa ba kusa ba. Bafarisiyen da ke Luka 18 ma ba mazambaci ba ne, yana azumi sau biyu a mako, yana fid da zakkar duk abin da ya samu, amma mai karɓar harajin da ya tsaya nesa yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai shi ne ya koma gida baratacce. Gaskiyar da Yesu ya ambata wa Basamariya, a cikin Yohanna ɗin nan dai ya ce shi ne ita, a sura 14, Ruhun kuma shi ne wanda ya yi alkawarin aikowa. Saboda haka tiyar da Yaya ta ba kaji ba ita ta saya mata karɓuwa ba. Maganar Allah ce ta fara kama ta, ta sunkuya, hannu kuma ya bi. In aka juya wannan jeri, sai mu wayi gari muna taƙama da tiya ɗaya kamar yadda wancan ya yi taƙama da azuminsa.

Istifanus (ƙungiyar mawaƙa):
Na karanta duka, na kuma yi kwana biyu ina tunani kafin in sake rubutu. Baba ya ce jama'a sun yi shiru tare da lasifika. Ni da nake tsaye a gaba ina fuskantarsu, dole in faɗi abin da na sani: tun kafin a ɗauke wutar ma yawancinsu ba sa rairawa. Waƙar da muke yi a lokacin ta Faransanci ce, a intanet muka koye ta, iyayenmu mata da suka fi yawa a benci ba su san ko kalma ɗaya a cikinta ba, tafi kawai suke yi. Ƙarar lasifika ce ta rufe mana wannan, mu shida muna rairawa, ɗaki ya cika da amo, muna zaton ikkilisiya ce take yabo. Da tsohuwar nan ta ɗauko waƙar Hausa, a ranar ne na fara jin muryar mahaifiyata a cikin majami'a bayan tsawon lokaci. Bulus ya ce a cikin taro ya fi son ya faɗi kalma biyar da za su amfani mutane da ya faɗi dubu goma da ba a fahimta. Ba za mu ajiye jita ba, kuma akwai ɗalibai da baƙi daga Bénin da Togo da Faransancin ya fi musu sauƙi, su ma ƴan ikkilisiya ne. Amma zan kai wa shugabanmu shawara mu rage ƙarar, mu nemi iyaye mata su koya mana tsofaffin waƙoƙin kafin su tafi da su kabari.

Baban Rahila (Sabon Gari):
Ɗana Istifanus, ka fi ni jaruntaka. Na buɗe wannan magana ina zaton kai ne za a gyara, ga shi kai ka fito ka faɗi naka, Maman Yusufu ta faɗi nata, ni da na tada zancen ina zaune kamar alƙali. To, bari in sauko daga kujerar.

Shekara uku ke nan ba ma magana da wani ɗan'uwa, dattijo irina, kan jikka 60 da na ranta masa lokacin da matarsa take asibiti. Ya yi jinkirin biya, ni kuma na faɗi maganar a gaban mutane yadda bai kamata ba, ya kawo kuɗin cikin fushi ya ajiye mini a ƙofa, tun daga ranar gaisuwa ta yanke. Benci biyu ne tsakaninmu kowace Lahadi. In an ce a juya a gaisa da na kusa, ni in juya hagu shi ya juya dama, kuma daga faranti ɗaya muke ɗaukar gurasar jibin Ubangiji. Matiyu 5:23-24 na iya ta da ka tun ina makarantar Lahadi, cewa in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Kullum ina karanta ta kamar shi ne ya kamata ya zo, alhali ayar ta ce wanda ake da magana a kansa shi ne zai tashi, ni ne kuwa na tona masa asiri. Ranar Lahadin nan da aka ɗauke wuta, cikin shirun nan, har numfashinsa ina ji a bayana.

Na yi niyyar zuwa gidansa ranar Alhamis bayan la'asar. Ban san yadda zai karɓe ni ba, kuma ban san da wace kalma zan fara ba.

Fasto (mai ritaya):
Baban Rahila, ka biyo ta gidana ka ɗauke ni a babur ɗinka, amma a zaure zan tsaya, kai za ka shiga. Kada ka ɗauki goro ko wata kyauta, kada kuma ka tada zancen kuɗin. Ka fara da tambayar jikin matarsa.